MU ZAGA DUNIYA: Birnin Meziko, inda masara ke sarauta

A wannan fitowa jirginmu ya tsallake tekun Atlantika ya sauka a birnin Meziko, babban birnin ƙasar da ke kudu da Amurka. Da yawanmu ba mu san ta ba sai a finafinan kaboyi, inda za ka ga mutum da ƙatuwar malafa da gashin baki yana gudu a kan doki. To, yau ba wannan za mu kalla ba, abincin bakin titi za mu bi, kuma akwai tsarabar da za ku iya haɗawa a gida.

Birnin yana kan tudu ne mai tsayin kusan mita 2,240, don haka baƙo kan ji numfashinsa na sama-sama a kwanakin farko. Kabilar Aztek ce ta kafa shi a kan tsibiri a tsakiyar tafki a 1325, suna kiran sa Tenochtitlan, kafin Turawan Sifaniya su ci shi da yaƙi a 1521. Yau shi da kewayensa sun haura mutum miliyan 20. Masu bin finafinan waje za su tuna da fim ɗin Roma, wanda ya ba darakta Alfonso Cuarón kyautar Oska a 2019. Sunan wata unguwa ce a birnin, inda daraktan ya tashi.

Tun da sassafe za ka tarar da masu sayar da tamal a bakin tashoshi da manyan tukwane suna tururi. Ƙullin masara ne da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, kamanninsa dai kamar alalar ganye. Da rana kuma mata ke zama a gefen hanya, kowacce da faffaɗan faranti a kan garwashi, suna gasa tlacoyo, wato ƙullin shuɗiyar masara da aka cusa wa wake a ciki. E, shuɗiya! Allah mai iko. Idan dare ya yi sai ka ji wani usur mai kashe kunne, kamar jirgin ƙasa zai tashi. Kada ka firgita, mai gasasshen dankali ne ke turo kurarsa, tururin tukunyar ke busa usur ɗin. Duk waɗannan ƙananan ciye-ciye sunansu ɗaya a wurinsu, antojitos, ma'ana 'yan kayan kwaɗayi.

Me ya sa komai masara? Ai gidanta ke nan. A kudancin Meziko aka fara nomanta, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan da jiragen Turawa suka fara zirga-zirga a ƙarni na 16. Barkono ma daga can ɓangaren duniya ya zo mana, haka tumatir. Sai dai masarar ta yi tafiya ta bar sirrinta a gida. Su ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun dafa tsabar da toka ko wata farar hoda da suke kira cal, ta kwana a ruwan, sannan a wanke a markaɗa. Wannan aiki shi ke sa ƙullin ya yi danƙo, kuma shi ke sako sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Ƙasashen da suka karɓi masara ba tare da wannan dabara ba, irin su arewacin Italiya da kudancin Amurka, talakawansu sun sha fama da cutar pellagra mai lalata fata da sa gudawa, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ashe ba banza ba hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon duniya a 2010.

Ga kuma abin da zai ba ku dariya. Idan ƙishirwa ta kama ka, za ka ga manyan tulunan gilashi cike da jan ruwa mai sanyi, suna ce masa agua de jamaica. Kurɓa ɗaya za ka yi ka ce, "Kai, wannan ai zoɓo ne!" Shi ne kuwa. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Kusa da shi kuma ga ruwan tsamiya.

Amma fa ɗan'uwa Musulmi, a nan sai da lura. Wannan naman da za ka ga yana juyawa a jikin ƙarfe kamar shawarma, wanda suke kira al pastor, na alade ne, duk da cewa daga baƙin Labanon suka koyi salon gashin. Tamal da soyayyen wake ma galibi da kitsen alade ake yin su, manteca suke ce masa, sai ka riƙe kalmar ka riƙa tambaya. Ko naman sa ne, sau da yawa a kasko ɗaya ake soya shi da na alade. Shi ya sa yin su a gida ya fi kwanciyar hankali.

Mu fara da mai sauƙi, elote. Ki sami ɗanyar masara ki dafa ko ki gasa, ki soke ta a tsinke. Ki shafe ta da mayonis, ki barbaɗa dakakken cuku da ɗan gishiri da garin barkono, ki matse lemon tsami. Shi ke nan! Idan kuma kika ɓare tsabar kika soya da man shanu da albasa, kika zuba ruwa kaɗan ta yi laushi, sannan kika juye a kofi da waɗancan kayan a sama, kin yi esquites, da cokali ake ci.

Sai tako. Ki tafasa busasshiyar masara da tankaɗaɗɗiyar tokar itace har sai kin murza ƙwaya kin ga ɓawon yana saɓulewa. Ki sauke ta kwana a ruwan, da safe ki wanke sosai, a kai inji a markaɗo da tauri, ba ruwa-ruwa kamar na koko ba. Ki mulmula kamar ƙwai, ki sa a tsakanin leda biyu ki danne da faranti ya yi faɗi. A gasa a busasshen kasko mai zafi, ba mai, ana juyawa har ya ɗan kumbura. Wannan ita ce tortiya. Ki ɗora yankakken tsire ko balangu, ki zuba haɗin ɗanyen tumatir da albasa da attaruhu da lemon tsami, ki ninke biyu. Da hannu ake ci, da zafinsa, don in ya huce ya kan tsage.

Ranar da za ku taru kallon sabon fim, a gwada wannan maimakon gyaɗa da gurguru, a kora da zoɓo mai sanyi. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.