Tokara Tsakanin Kafaɗu Biyu

Ƴan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna ɗaukar jikin mota kamar dutse, abin da ba ya motsi sai ranar hatsari. Gaskiyar magana, kowace mota tana murɗewa kaɗan-kaɗan duk sa'ad da ta sha kwana, ko taya ɗaya ta faɗa rami. Ido ba ya gani don motsin na ƴan milimita ne. Wanda yake son ya tabbatar, ya sa kirik ya ɗaga kusurwa ɗaya ta tsohuwar mota, sannan ya buɗe ƙofa ya rufe. Sau da yawa zai ji ƙofar tana gardama, alhali ɗazu lafiya lau take rufuwa. Jikin ne ya karkace, gurbin ƙofar ya bi shi.

Motoci irin su Hilux da Land Cruiser suna da shasi dabam, ƙarfe biyu dogaye da aka haɗa kamar tsani, aka ɗora jiki a bisa. Ƙananan motoci na yanzu ba su da wannan tsanin. Jikin da kansa shi ne shasi, fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa da walda har ya zama akwati. A gaban irin waɗannan motoci, galibi amortisa da sifirin ɗinta suna tsaye wuri ɗaya kamar ƙafa, ƙasanta na riƙe da taya, samanta na ɗaure da jikin mota. Wani injiniya ɗan Amurka, Earle MacPherson, shi ya tsara wannan fasali a shekarun 1940, kuma motar Ford Consul ta Ingila ta fito da shi a 1950. In ka buɗe kapo za ka ga tudu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, inda kan kowace amortisa yake. Ni kafaɗu nake ce musu. Duk bugun da taya ta sha, a kafaɗar nan yake sauka. Tsakanin kafaɗun biyu kuwa babu komai sai inji da iska, kamar akwatin da aka cire wa murfi.

Yayana makaniki ne a nan Maradi. Ya bar lakwal tun yana aji uku na sakandare, shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo, kuma da kuɗin garajinsa nake karatu har yau. Abu ɗaya ya taɓa saya wa kansa don jin daɗi: BMW 325i mai ƙofa biyu, ƙirar da ake kira E36, wadda aka ƙera a shekarun 1990. Injinta silinda shida ne a jere, tayoyin baya ke tura ta. Ta shigo ta Kwatano tun kafin a rufe iyaka a 2023, ta riga ta tsufa a Turai kafin ta zo ta ƙarasa tsufa wurinmu. Shekara biyu ya yi yana tada ta, bulon bayan bulon. An yi ta ne don titunan Jamus, ga ta yau tana bin gargadar hanyar ƙauyenmu. Sannu a hankali kafaɗunta suka fara kumbura, samansu da yake shimfiɗe ya tashi kamar murfin tukunya, fenti ya tsage a gefen na dama. Masu irin wannan mota sun san ciwon, har kamfanin da kansa yana sayar da faifan ƙarfe na ƙari saboda ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau.

Maganin da masu motocin tsere suka sani shi ne sandar ƙarfe da ke haɗa kafaɗun biyu ta bisan inji, don in ɗaya ta so motsi ɗayar ta riƙe ta. Da Faransanci sunanta yana nufin sandar hana kusantar juna. Mu tokara muka sa mata. Ana sayar da ita a Turai, amma kuɗinta da na kawo ta sun fi ƙarfin aljihun mai ciyar da gida biyu. Wata ranar Juma'a da dare Yaya ya ajiye wayarsa gabana da hoton abin, ya ce: “Kai da kake karatun ƙarhe, duba min wanga. Muna iya yin shi nan?” Tunda nake, bai taɓa neman wani abu daga karatuna ba. Ni nake nema, shi yake bayarwa. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na ɗauko littafin darasin juriyar kayan ƙira na yi ta lissafi.

Washegari muka tafi wurin mai waldar da Yaya yake kai wa aiki, dattijo ne da ya girmi mahaifinmu, kowa Baba yake ce masa. Da ya ga hoton sai ya jawo rodin gini mai kaurin milimita 16 ya jefa gabanmu. “Ga ƙarhe nan cikakke, babu rami ciki nai. Mi ya hi wanga ƙarhi?” Na ce: “Baba, a gafarce ni, da za a samu tuyo mai rami da ya fi.” Ya dube ni sama da ƙasa. “Ɗan lakwal, kana nuhin iska ta hi ƙarhe?” Yaran shago suka bushe da dariya.

Ga abin da ke cikin takardata. Tokara tana shan ja, tana kuma shan matsa. Ja ba ya ba dogon ƙarfe wahala. Matsa ita ce matsala, don dogon abu siriri in ka danne shi ta kai da gindi, ba ya jiran ya murƙushe, sai ya gantsare gefe. Abin da ke hana gantsarewa shi ne nisan naman ƙarfen daga tsakiya. Naman da ke can cikin cibiya kusan zaman banza yake, nauyi kawai yake ƙarawa. Shi ya sa gora take da rami amma take ɗaukar rumfa. Rodi mai milimita 16, mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi ne. Tuyo mai faɗin milimita 32 da kaurin bango milimita 2 shi ma kusan haka, har ya ɗan fi sauƙi. Amma wajen ƙin lanƙwasa, tuyon ya ninka rodin fiye da sau shida.

Ban karanta wa Baba lissafin ba. Na roƙi a kawo bulo biyu, aka jera su tazarar mita ɗaya, aka gitta rodin, ƙaramin yaron shago ya hau tsakiya. Rodin ya lotsa kamar faɗin yatsa. Aka gitta tuyon, yaron ya hau, har ya ɗan yi tsalle, da ƙyar ido ya ga motsi. Baba ya yi shiru, ya ɗauki tuyon ya juya shi a hannu, ya leƙa ramin. Sai ya ce: “To, a bar rodi ga magina.” Na saci kallon Yaya, na ga ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma, hannun da babu komai a kansa.

Akwai wani abu kuma da mutane ke haɗawa alhali dabam suke: ƙarfi da tauri. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya karye ko ya lanƙwashe har abada. Tauri shi ne ƙin motsi tun nauyin bai kai can ba. Tokara tauri take bukata. Abin mamaki, baƙin ƙarfe mai tsada da mai araha taurinsu kusan ɗaya ne, a ƙarfi suka bambanta. Don haka babu dalilin neman wani ƙarfe na musamman, siffa ce ke aiki. Alminiyom da ake gani yana walƙiya a hotuna kuwa, nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ne, taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku, kuma waldarsa sai da inji mai iskar argon, wanda babu shi a shagon Baba.

Daga nan takardata ta ƙare, aikin ya koma hannun masu shi. Tuyon farko da yaran suka kawo na ruwan famfo ne, mai farin shafe. Baba ya ture shi da ƙafa. “Wanga in ka sa mishi wuta, hayaƙi nai shina sa zazzaɓi.” Shafen tutiya ne, kuma haka abin yake, masu walda a ko'ina sun san zazzaɓin. Aka nemo baƙin tuyo marar shafe.

Yaya ya ce ba za a auna komai ba sai an gyara abin da ya riga ya lalace. Ya sauke amortisa, ya ɗora guntun katako bisa kafaɗar da ta kumbura, ya bi ta da guduma a hankali har ta koma shimfiɗe. Ya kankare fenti ya duba tsagar, aka ci sa'a ba ta shiga ƙarfe ba. Ya canja robobin da suka mutu a hannuwan taya. Dalilinsa shi ne, in ka ɗaure jiki tamau alhali gaɓoɓi na kwance, ka rufe ciwo da riga ne kawai. Sannan ya tura motar kan daɓen siminti mai daidai, tayoyi huɗu a ƙasa, kowace da iskarta. Ba a auna tokara mota na bisa kirik, don za ka kama jikin a karkace ka ɗaure shi a haka.

Kowace kafaɗa tana da ƙusoshi uku masu zare da suka leƙo sama, kile mai lamba 13 ke kwance su. Na ɗora kwali a kansu na buga a hankali har suka huda shi, na zagaye da fensir, muka samu zubin zoben da zai zauna a wurin. Baba ya yanka zobba biyu daga fallen ƙarfe mai milimita 4. Yaya ne ya tsaida kaurin, saboda ƙusoshin gajeru ne, in zoben ya cika kauri zaren da zai rage bai isa ya riƙe noti ba. Ni kuma na nace a kan abu ɗaya: kada a lanƙwasa tuyon fiye da yadda inji ya tilasta, don kowane lanƙwaso ƙofa ce da tokara za ta bi ta gantsare. A inda tuyon ya haɗu da zobe muka sa ƴan ƙananan ƙarafa masu kusurwa uku, su hana mahaɗar yin lilo.

Kafin wuta ta taɓa komai Yaya ya buɗe kofur ya cire kan batir, don a wannan ƙirar batir a baya yake, kuma wutar walda tana iya ƙona kwamfutar inji. Aka jiƙa buhu aka rufe injin da tiyon mai. Baba ya ɗiga walda ɗigo huɗu kacal, iyakar abin da zai riƙe siffa, sai aka kwance tokarar aka kai ta teburi. Can ma bai zuba wuta gaba ɗaya ba. Ya ɗaure zobban bisa wani kakkauran ƙarfe, ya yi kaɗan a dama, ya koma hagu, ya jira, ya dawo. Na tambaye shi dalili. Ya ce: “Ƙarhe in ya sha wuta, wajen hucewa shina jan ɗan uwa nai. In ka cika mishi gehe guda, ramukkan ga da ka auna ba su komawa wurinsu.” Da ya gama wani yaro ya ɗauko ruwa zai zuba, ya daka masa tsawa, ya ce a bar ta ta huce da kanta. Mun yi darasin kumburar ƙarfe da zafi a aji, har da alƙalumansa. Yadda ake zagaye wannan halin da sandar walda kuwa, a shagon nan na fara ganinsa.

Saura tsoro ɗaya: kada kapo ya bugi tokara, kada kuma inji ya taɓa ta, don inji yana girgiza bisa robobinsa duk sa'ad da aka taka totur. Muka mulmula laka kamar ƙwallon fura muka ɗora bisa tuyon, muka rufe kapo a hankali, muka buɗe. Kaurin lakar da ta baje shi ya gaya mana tazarar da ta rage. Ta ƙasa muka bar wurin da yatsa zai shige. Da aka ɗora tokarar, ramuka shida suka faɗa kan ƙusoshi shida ba tare da an buga ko an tanƙwara ba. Baba ya ce wannan ita ce jarrabawar, sauran duk fenti ne.

Kada wani ya ɗauka motar ta zama wata aba dabam. Tokara ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko na ƙwayar zarra, ba ta rage tazarar birki, ba ta mai da tsohuwar taya sabuwa. Murɗewar jiki gaba ɗaya ma ba ta kawar da ita, gaban kawai ta ɗaure. Abin da Yaya ya ji shi ne sitiyari ya ɗan ƙara amsa kira a kwana, kuma ƙarar da gaban ke yi a gargada ta ragu. Wanda ya ɗaura ta don ya samu dalilin gudu cikin gari tsakanin ƴan kabu-kabu da yara, ya ɗaura wa kansa bala'i. Kuma bugun da kafaɗa ɗaya take sha yanzu yana bin tuyon zuwa ɗayar, shi ya sa Yaya yake duba bakin waldar da notocin duk lokacin da ya canja baƙin mai.

Kuɗin kayan duka bai kai na taya ɗaya ta kwance ba. Baba ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya ce a bar masa kwalin da takardar lissafin. Suna nan rataye a ƙusa cikin shagon, alƙalumana a gefe, alamomin allinsa a gefe. Makon jiya ya aiko yaro har gida, wai wani mai amalanke yana son a rage mata nauyi don jakinsa ya tsufa, ɗan lakwal ya zo da littafinsa. Ranar Asabar da hantsi zan tafi. Duk wanda yake da darasin nan a jakarsa, kuma bai taɓa ganin inda lissafin yake sauka ba, ya same ni mu tafi tare. Ya sa tsohuwar riga, tartsatsi ba ya sanin ɗalibi.