Kafin a Kwashi na Watan Bakwai

A adashenmu, zubin watan Yuni ba a tashi da wuri. Idan an gama ƙirga kuɗi an rubuta a littafi, sai Uwar Adashe ta kori yara waje, ta turo kwanon gyaɗa tsakiya, ta ce kowace ta faɗi abin da ta ƙudurta a Janairu da inda aka kwana. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka faɗa a ɗakin nan ko maigida ba ya ji.

"Malama, da ke za mu fara. Ina maganar Makka?"

Malama ta gyara zama. "Yaya, Makka tana nan inda take, kujerar ce ba ta tsayawa. A 2023 da na fara tari ba ta kai miliyan 3 ba. A 2025 ta haura miliyan 8. An ce an mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70, to ƙarin da ya zo mini a kuɗin adaidaita sahu yake ƙarewa."

Babu wadda ta yi dariya, domin kowa ta san zancen. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk burin da aka rubuta da lamba a farkon shekara sai ya canza kafin damina. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Wadda ta ɓoye dubu 100 a ƙasan akwati shekara guda ta tarar da kuɗinta cif, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za su saya ya tafi.

"Kada ki janye niyya," in ji Uwar Adashe, "shekarar kawai za ki matsar. Hajji ai sai da iko. Ki kai abin da kika tara asusun adashen Hajji da hukumar alhazai ta buɗe da bankin Jaiz tun 2020. Farashin kujera dai ba zai tsaya miki ba, amma in ƙaninki ya zo da kukan kuɗin haya, ba za ki miƙa hannu ki ɗauko ba."

Maman Biyu ta karɓe. Ita firiza ta yi niyyar saya don sana'ar zoɓo da ƙanƙara, sai ta lissafa awowin da wuta ke yi a unguwarsu da kuɗin man janareta, ta fasa. Yanzu wake take hari. Da kaka za ta shiga Dawanau ta sayi 'yan buhuna, ta juye a buhun nan mai leda biyu a ciki, ta matse iska, ta ɗaure kowace leda daban, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, sai ta fitar idan damina ta kankama. Malama ta tuna mata cewa a 2025 masara ta faɗi, masu ajiya da yawa sun ji jiki. "Na sani, Malama. Shi ya sa rabi zan sa. In kasuwa ta ƙi, yarana su ci alala."

Amarya ce ta ƙi magana sai da aka matsa mata. Da ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa, ta ce keken ɗinki ta so saya, amma tun daga Ƙaramar Sallah kuɗin suka bi bukukuwa. Ta fara jerowa da yatsu: atamfar anko, leshin dina, kuɗin tela, lalle, gudummawa, kuɗin mota zuwa da dawowa. Wasu amaren ma ko sunan angonsu ba ta sani ba, ƙawar ƙawa ce aka jefa ta a rukunin WhatsApp, kunya ta hana ta fita.

A nan ɗakin ya kaure, domin ashe ciwon na kowa ne. Ni dai a ganina nan ne ɓarakar take. Muna zagin tsadar shinkafa, kuma da gaskiyarmu, amma shinkafa ba mu muke sa mata farashi ba. Anko kuwa mu muke yanka wa juna. Gudummawa daban ce, biki bashi ne, wadda ta kawo miki ranar naki dole ki mayar, har da ɗan ƙari. Amma atamfar da za a ɗaura yini ɗaya a jefa a sif, wa ta taimaka? Ko amaryar ba ta ƙaru da ita ba, mai shago a Kantin Kwari ne ya ƙaru. Muka tsayar: daga nan zuwa Disamba babu anko sai na 'yar ɗaki ko 'yar ƙungiya, sauran a je da kayan da ake da su, a miƙa gudummawa a hannu.

"To, Yaya, ina da roƙo," in ji Amarya. "Kwasata a Nuwamba take, ga kuɗin makarantar ƙanwata a Satumba, ga keke."

Maman Biyu ta yi caraf. "Tawa a Agusta take, ni kuma ba ni da abin yi da kuɗi sai sabon wake ya shigo. Mu yi musanya."

Uwar Adashe ta leƙa ta saman gilashinta. "Kowa ta shaida? Kada gobe wata ta ce ba da ita aka yi ba." Muka ce mun shaida. Ta soke, ta sake rubutawa, ta sa su duka biyun suka sa hannu a gefen shafi, sannan ta juyo wajen Hajiya, wadda tun ɗazu take ɓare gyaɗa kamar ba da ita ake ba.

"Hajiya, saura ke. Filin nan da kika ce za ki kewaye kafin ruwa ya sauka, bulo nawa aka buga?"