Daga bakin Kumadugu zuwa Yamai: lissafin hanya da lissafin allura

 

Mai zuwa garinmu daga Damagaram yana shan rairayi kafin ya ga kore. Bayan Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa ne ƙasa take sauya fuska, don an kusanci Kumadugu, kogin da ya raba mu da Najeriya, ya ratsa ta Geskeru ya nufi Boso da tafkin Cadi. A bakinsa ake noman tattasan da ya yi wa Difa suna. Lokacin girbi za ki ga an shanya shi ja wur a ƙasa, Barebari da Fulani da Hausawa kowa na cikin hidima. Mafi yawan kuɗin da ke shiga akwatunanmu daga nan suke fitowa: tsinkar tattasai, daka shi, sayar da abinci ga ma'aikatan gona, cinikin bandar kifi. Shi ya sa da fitina ta iso a 2015, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, ciniki ya tsaya, asusu ne ya riƙe gidaje da yawa.

Kumadugu yana da hali guda da duk ƴar Difa ta sani. Ruwansa daga nesa yake tahowa, daga wajen Haɗeja da Jama'are, sai damina ta wuce sannan ya cika ya tumbatsa. A 2019 da 2022 mun ga yadda ya ci gonaki da gidaje alhali sama tana garau. Wanda ya jera buhunan ƙasa da wuri ya kashe kaɗan. Wanda ya jira ya ga ruwa a ƙofa ya yi asarar ɗaki da rumbu.

To, haka sankarar bakin mahaifa take. Ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ta, ana ɗaukarta ta saduwa, har a cikin aure, saboda haka ba abin kunya ba ne. Yawancin mata jikinsu na kawar da ita. Ga wasu kuwa takan zauna shiru shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Mace mai ɗauke da sida ta fi saura haɗari har ninki 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 350,000 cutar ta kashe, kuma fiye da 9 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, irin tamu.

Yanzu mu yi lissafi irin na ranar rabo. Idan cutar ta yi nisa, sai an dangana da Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021. Daga Difa fiye da kilomita 1,300 ne: Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Tun 2007 hukuma ta ce jinyar sankarar mata kyauta ce, amma kyautar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, ba ta tsinke miki tattasai a gona. Mun taɓa raka wata ƴar ƙungiyarmu wannan tafiya. An sayar da tumakinta uku, an kwashe asusun taimako kaf, ƴarta ta bar lakwal don ta riƙe ƙanne. Mun dawo da ita da rai, amma ba ta ga girbin da ya biyo ba. Allah ya jiƙanta.

Ga ɗaya gefen ma'auni. Akwai allurar riga-kafi da ake yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Tana kare su daga nau'o'in ƙwayar da ke haddasa wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ƙawancen Gavi ya samo wa ƙasashe matalauta ita a kan dalar Amurka 4.5, kuɗin da bai kai jika uku ba. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura guda ma ta wadatar ga yawancin yara. Ruwanda ta fara tun 2011. Maƙwabtanmu na ƙetaren kogi sun fara a Oktoban 2023, kyauta. Masu cewa tana hana haihuwa, ku tambaye su shaida. Sankarar ce ke raba mace da mahaifarta, wani lokaci har da ranta.

Mu manya kuwa, awo ne namu. Hanya mafi araha ita ce ungozomar likita ta shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, ta jira minti guda. Idan wuri ya yi fari, alama ce ta farkon lahani, ana iya ƙone shi da zafi ko da sanyi cikin mintoci, ki tashi ki koma gida. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata wajen 150,000 shekara da shekaru, aka ga wannan awo ya rage mutuwa da kashi 31 cikin 100. Burin duniya zuwa 2030 shi ne a yi wa ƴan mata 90 cikin 100 allura, a auna mata 70 cikin 100 kafin su cika shekara 35, a sake kafin 45.

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, dubararmu guda ce: dala 50 yau, dala 50 sati mai zuwa, har ta sayi akuya. Ga abin da ƙungiyoyinmu na bakin kogi suka tsayar, muna kuma ba ku shawara ku duba:

Na ɗaya, asusun taimako zai riƙa biyan kuɗin mota ga duk wadda za ta je awo, ba sai ta kwanta ba. Na biyu, za mu je rukuni-rukuni, biyar-biyar, cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Difa ko likitar da ta fi kusa, mu tambayi ranar awo da maganar allurar ƴaƴanmu. Tambayar mace talatin ta fi ta mace guda nauyi. Na uku, magatakarda za ta rubuta sunan kowace yarinya mai shekara 9 zuwa 14 a gidajenmu, har da na ƴan gudun hijirar da muke zaune tare, don ranar da masu allura suka zo kada a tsallake kowa.

Sannan, Yaya, Inna, ƙanwata: jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A gaya wa maigida, a tafi likita a satin nan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a zubinmu. Sai mun ji daga gare ku.