Daga Shoprite zuwa Baturiya: Ina rumfar furodusa?

Har gobe, idan ka tare mai adaidaita a Kano ka ce ya kai ka Ado Bayero Mall, sai ka ga ya ɗan yi jim. Amma ka ce masa "Shoprite", to ko rufe baki ba za ka yi ba zai ce hau mu tafi. Abin mamakin shi ne, Shoprite ɗin ta kwashe komatsan ta daga ginin tun watan Janairu na 2024. Sunan ne kawai ya maƙale a bakin mutane, kamar jarumin da sunan fim ya bi shi har aka manta da na yanka.

Irin wannan kasuwa mai rufi ɗaya ba a nan aka ƙago ta ba. A Amurka ne, bayan yaƙin duniya na biyu, masu albashi su ka riƙa barin tsakiyar birni su na gina gidaje a bayan gari, kowa da motar sa. Sai 'yan kasuwa su ka bi su can. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minesota, wadda wani mai zanen gini Victor Gruen ya tsara: shaguna birjik a ƙarƙashin rufi guda, ga sanyin na'ura, ga filin ajiye motoci. Daga baya aka samu wani reshe na wannan harka, wato kasuwar rangwame ta masana'anta. Kamfani ne zai kwaso kayan da su ka yi kwantai, ko masu ɗan tabo, ya sayar wa jama'a kai-tsaye ba dillali a tsakani. Kamfanin Vanity Fair ya tara irin waɗannan shaguna wuri ɗaya a garin Reading na jihar Fensilbeniya a 1974. Woodbury Common ta biyo baya a wajen birnin Niyok a 1985, sai Bicester Village a Ingila a 1995. Da gangan ake kai su nesa da gari: fili ya fi araha, kuma ba a so su kashe wa manyan kantunan cikin birni kasuwa.

Ka lura da abin da ya riƙe wannan tsari, mai karatu: mota, albashi mai auki, da masana'antar da ke aiki har kaya su yi rara.

Mu a Nijeriya abin ya fara ne daga Legas, inda Shoprite ta Afrika ta Kudu ta buɗe kantin ta na farko a The Palms da ke Lekki a ƙarshen 2005. Kano sai a watan Maris na 2014, a kan Zoo Road, kusa da filin baje koli. Aka sa wa ginin sunan Sarki Ado Bayero, wanda Allah ya yi wa rasuwa a watan Yuni na wannan shekarar, bai cika wata uku da buɗewar ba. Manyan 'yan haya biyu su ne Shoprite da Game. Duk wanda ya je wurin a Sallar farko zai ba ka labari. Kai! Jama'a kamar an yi ɓarin gero. Amma ka tsaya a bakin ƙofa ka ƙirga masu fitowa da kaya niƙi-niƙi, sai ka ga ba su taka kara sun karya ba. Yawanci burodi ne da askirim, sai hoto. 'Yan mata an ci kwalliya, samari an karkata hula, a tura kwandon sayayya a ɗauki hoto, a mayar da shi wurin sa. Mai sayen buhun shinkafa da katan ɗin taliya ya na Singa, mai atamfa ya na Kantin Kwari, inda zai yi tayi a ce albarka, ya ƙara a sallama, wani lokacin ma a ba shi bashi. Batun rangwamen masana'anta kuwa bai taso ba. Ga Sharaɗa nan kusa da Zoo Road, amma masaƙu da masana'antun da za su samar da rarar kaya da yawan su sun daɗe da yin shiru.

Mu 'yan fim abin da ya kai mu ginin daban ne. Zoo Road dama unguwar mu ce, ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace hoto su na nan jere. Da Filmhouse ta buɗe silima a ciki a 2015, sai industiri ta ga kamar an tsamo ta daga rijiya. A lokacin kasuwar faifai ta Bata da Ƙofar Wambai ta riga ta durƙushe, satar fasaha ta cinye ta. Tsofaffin silimu irin su Plaza da Orion da El Dorado kuwa, ban da cewa zamanin su ya wuce, dama can mutumin kirki ba ya son a gan shi a ƙofar su, balle ya kai iyalin sa. Wannan sabuwar ta sha bamban. Tunda cikin kanti ta ke, matar aure za ta iya shiga da 'ya'yan ta ba wanda zai ɗaga gira. A nan aka nuna 'Mansoor' na Ali Nuhu da 'Rariya' na Rahama Sadau a 2017, aka ga layi, aka ga jarumai su na zuwa gaisawa da 'yan kallo. Furodusoshi su ka koma lissafin ranar Sallah, kowa na neman a ba shi mako.

Sai dai silima ɗaya ba ta ɗaukar industiri guda. Annobar korona ta rufe gidajen kallo a 2020, kuma a shekarar ne 'Izzar So' da 'Labarina' su ka nuna wa kowa cewa 'yan kallo sun koma fim mai dogon zango. Su ma manyan 'yan hayar ginin ƙafar su ta fara sanyi. Shoprite ta asali ta sayar da harkar ta ta Nijeriya ga kamfanin Ketron a 2021, Game ta rufe a ƙarshen 2022. Aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, naira ta faɗi warwas, mai albashin da aka gina wurin domin sa ya koma lissafin kuɗin adaidaita.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne wata tafiya da mu ka yi da wani darakta zuwa ƙasar Haɗeja, neman lokeshin ɗin fim ɗin masunta. Daga Kano ka bi ta Gezawa da Ringim da Taura, sai ka iso Gujungu, mararrabar da hanya ke rabuwa zuwa Gumel da Haɗeja. Mun dace da ranar kasuwa. Wallahi duk abin da Turawa su ka rubuta game da kasuwar bayan gari ga shi nan a fili: nesa da birni, a bakin babban titi, manyan motoci sun yi sahu, kuma mai kayan ne da kan sa ya kawo. Shinkafa, riɗi, zoɓo, gero, tattasai, awaki da shanu. Akwai dillalai, ba na musu, amma manomin ya na tsaye a gefen buhun sa, da kunnen sa zai ji farashi. Ba rufi, ba sanyin na'ura, ƙura kuwa sai ka wanke hanci, amma ba wanda ya zo ɗaukar hoto.

A Haɗeja kasuwar kifi ce ta tsayar da mu. Banda ake jerawa cikin kwalaye ana ɗaurewa, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, motoci na lodi zuwa Kudu. Har da busassun kwaɗi, waɗanda mu ke ƙyama amma su ke da masu saye a can. Daraktan namu ya toshe hanci, mai kayan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, warin kuɗi ne."

Baturiya ta na gaba, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, kuma daga irin ruwan ta ne kifin nan ke fitowa. Fadama ce shimfiɗiɗiya da kogin Haɗeja ke malalowa cikin ta da damina, ga goruba da kanya da bagaruwa tsaye cikin ruwa. A 2008 aka sa ta cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, faɗin ta ya haura hekta 100,000. Da sanyin hunturu tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su sauka a nan, su haɗu da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Mai kyamarar mu ya rasa inda zai saita, ko'ina hoto ne. Amma masuntan ba kyan wurin ya dame su ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, zuwan ruwa ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin sa. Wata shekarar ya yi ƙaranci, wata kuma ya zo da hauka kamar a 2022, ya ci gonaki da gidaje. Wani dattijo da ya fito da mu a kwalekwale ya nuna mana wani wuri da kacala ta rufe ruf, ya ce da ƙuruciyar sa nan ne ya ke jefa birgi.

Da magariba mu ka ga 'yan kallon mu. Samari sun yi da'ira a kan tabarma, waya ɗaya a tsakiya, ana kallon fim ɗin Hausa, sun haddace sunan kowane jarumi har da na masu fitowa a bayan fage. Na tambayi ɗaya ko ya taɓa shiga silimar Zoo Road. Ya ce, "Yaya, kuɗin motar kaɗai ai ya saya min koma." Fim ɗin a kasuwa ake tura masu, wurin masu caji da turi, a biya 'yan canji a cika katin waya. Na tuna a Gujungu ma na ga rumfunan nan, kowace da kwamfuta da lasifika da cincirindon matasa. Zamanin kaset, lokacin 'Sangaya' da 'Wasila', ɗan kasuwa zai saro a Ƙofar Wambai ya kawo irin waɗannan kasuwanni, kuma ko yaya ne wani abu ya na komawa aljihun mai fim. Yanzu mai kifi na da rumfa a kasuwar, mai riɗi na da ita, mai tura fim na da ita, wanda ya zuba miliyoyin sa ya shirya fim ɗin ne kaɗai ba shi da ko tabarma. A gani na wannan ya fi rufewar Shoprite zama abin da shugabannin industiri za su zauna a kai.

Daraktan dai ya ce wurin ya yi masa, zai dawo da 'yan wasa cikin hunturu lokacin da tsuntsaye su ka sauka. Dattijon nan na ɗaure kwalekwalen sa ya ce, "To ɗana, in kun gama a ina za mu gani?" Darakta ya ce a YouTube. Baba ya juya ya tambayi jikan sa ko mai turin kasuwar su na da shi.