Ina mai Ruwan Bagaja ya ɗebo ruwansa?



Ran nan, bayan mun sauka daga shirin dare, wani saurayi ya tare mu a ƙofar gidan radiyo da kaye a hannunsa. Ya ce shekara biyu ke nan yana son rubuta littafin aljanu da jarumai, amma kullum in ya fara, sai ya ga abin ya koma fim ɗin Indiya da ya kalla a waya. Ya ce, "Yaya, su marubuta ina suke samo labari?" Wallahi a lokacin ba mu ba shi amsar kirki ba. Shi ya sa muka zo da ita nan.

Mu da muka yi lakwal, da Faransanci aka koya mana adabi. Mun san marubutan Faransa da suna, amma littafin Hausa sai da muka girma muka fara riƙe shi, wani tsohon Ruwan Bagaja da bangonsa ya yage, wanda wani ɗan'uwa ya shigo da shi daga Najeriya. Dare ɗaya muka cinye shi.

To ga yadda aka yi shi. A 1933, wani Bature, Rupert East, na Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. Ku lissafa, shekarunsa 22 kacal. Yayansa Bello Kagara ma ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar.

Abin da ya fi burge mu shi ne, Imam bai ɓoye inda ya ɗebo ba. Shi da bakinsa ya faɗi cewa Muƙama ta Hariri ce ta ba shi dabarar, littafin nan dai da malamanmu na zaure ke karantarwa har gobe. A cikinta akwai mutum biyu, Abu Zaidi da Harisu, ana ta gamuwa gari gari, ana wayo. Sai Imam ya ɗauki wannan tsari, ya sa masa riga da hula irin namu: Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na neman ya kā da ɗan'uwansa, daga kasuwa zuwa gaban alƙali.

Amma wayo kaɗai ba ya riƙe littafi. Sai ya ba jaruminsa ciwon da zai fitar da shi daga gida. Ɗan sarki ba lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne magani, aka wulaƙanta shi a fada. Yaron da ya tashi a hannun Liman ya ce sai ya kawo ruwan nan ya wanke tsohon. Kun ga ke nan, aljanu da tafiyar nesa daga baya suka zo. Tushen labarin zafin wulaƙancin uba ne, abin da ko wane ɗan Mallawa ya san ɗacinsa.

Haka ya sake yi a Magana Jari Ce. Ya karanta Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya tace, ya sa su a bakin aku, har yau mutane da yawa ba su san wasu labaran baƙi ba ne.

Ga abin da ke damunmu. Imam yana da rumbu biyu: littattafai, da abin da ya ji a gida. Mu na biyun nan ne ke ƙarewa. Da, bayan isha'i, a tsakar gida kaka ke tara mu, Gizo da Ƙoƙi, Dodo, ƴar sarkin da aka aurar wa aljani. Yanzu kowane yaro da waya. Mu kanmu da laifinmu: kakarmu ta rasu muna da makirfo a hannu kullum, amma ko tatsuniya ɗaya ba mu ɗauka daga bakinta ba. Wannan na cinmu har yau.

Don haka ƙanenmu mai kaye, in kana karantawa: ba laifi ka ari tsari daga fim, Imam ma ya ara. Amma ka je wajen tsohuwar gidanku ka zauna. Ka tambayi kukar da aka hana ku zama ƙarƙashinta da tsakar rana, da rijiyar da ake cewa tana da masu ita. Sannan ka nemo abin da ya ƙona ran jaruminka.

Ku kuma masu saurare, duk mai tsohuwa a gida, ya ɗauki muryarta a waya da izininta, ya aiko mana. In sha Allahu za mu sa a shiri. Allah ya jiƙan magabatanmu.