"Ya yi kyau" ba ta gyara zane

Yau na aje micro, maganar zane za mu yi.

Ƙanena yana zanen fuskokin yara da pastel, wannan alli mai launi da ake murzawa da yatsa. Iyaye ke kawo hoto, su biya, su jira. Duk wanda ya gama sai ya nuna a gida, mu ce Masha Allah, ya yi kyau. To amma yabonmu bai taɓa gaya mishi abin da zai gyara ba.

Abokan zanenshi ne suka yi mishi wannan aikin. Ɗaya ya ce: idon yaro yana tsakiyar kai ko ma ƙasa kaɗan, goshi na da faɗi, in ka ɗaga idon, ka mayar da ɗan shekara 4 saurayi. Wata ta ce layi mai kauri gefen hanci yana tsufar da fuska, a murje shi. Na uku ya nuna mishi cewa baƙar fata ba ruwan ƙasa kaɗai ba ce, akwai shuɗi a inuwarta, akwai ja a kunci.

Ya ji zafi, wallahi, kwana biyu bai yi magana ba. Amma gara a ji daga aboki da uwa ta karɓi zane ta ce wannan ba ɗana ba ne.

Abu guda nike roƙo: kafin ku tura fuskar ɗan wani a WhatsApp don neman shawara, ku nemi iznin iyayenshi.