Kafin 'Yan Gwangwan Su Riga Mu Zuwa Tasha

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Morai ba. Bai zo Talata Mafara ba, bai leƙa Bakura ko Maradun ba, hasali ma birnin Sakkwato da kansa har yau bai ji kukansa ba. Layin dogon da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya je ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin 1929, daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Duk da haka, da wuya ka sami gida a ƙasarmu wanda wannan ƙarfe bai taɓa rayuwarsa ba. Audugar da kakanninmu suka noma, da gyaɗarsu, da fatun awakinsu, a bayan jakuna da raƙuma suka bar gari, amma a cikin tarago suka ƙarasa bakin teku. Kuɗin harajin da ake biya wa En'e daga can yake fitowa. Gusau kuwa, wadda yau take fadar jihar Zamfara, tashar jirgi da injin gurzar auduga ne suka ɗaga ta sama da garuruwan da suka girme ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata tambaya da nakan yi wa ɗalibaina duk shekara idan muka zo kan tattalin arzikin zamanin mulkin mallaka. Nakan ce su faɗa mini ta wace hanya kuzar Jos take isa jirgin ruwa kafin 1927. Wasu su ce mota, wasu su ce ta Kafanchan. Ban taɓa samun wanda ya ce ta Zariya ba, alhali cikinsu har da 'yan Soba da 'yan Lere, waɗanda ƙila iyayensu ke noma a kan turbar da jirgin ya bi. Ba na ganin laifinsu. Ba a bar musu abin da za su gani ba, kuma gani ya kori ji.

To ga labarin. Tsakanin 1912 da 1914 aka shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga Zariya, ya ratsa ta Rahama ya hau tsaunukan Filato zuwa Jos da Bukuru, tafiyar mil 140 da 'yan kai. Ana kiransa ƙaramin jirgin Bauchi, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba; a lokacin Jos tana cikin lardin Bauchi ne. Faɗin da ke tsakanin ƙarafunansa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, wato milimita 762, sa'ad da babban layin Legas zuwa Kano yake da ƙafa 3 da inci 6. Dalilin wannan ƙanƙanta a fili yake: siririn layi ya fi araha, yana iya lanƙwasa a kwana mai tsanani, yana iya kewaye dutse maimakon a fasa shi. Kafin zuwansa, a kan mutane ake ɗaukar kuza, 'yan alaro su yi kwanaki suna tafiya da ita zuwa bakin kogin Binuwai. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai ƙaramin ya fara rasa kasuwa, ya yi ta lallaɓawa har aka rufe shi a 1957, aka ciccire ƙarafunan. Abin da ya tsira shi ne 'yan kawunan jirgin da aka ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, rana da ruwan sama suna dukansu. Akwai kuma wani wanda ya girme su a tashar Minna, wanda ya yi aiki a ɗan layin Wushishi a farkon zuwan Lugga.

Mai karatu ya lura da wani abu. Yanzu da aka kawo sabon layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da wanda ake ja daga Kano zuwa Maraɗi, tsohon layinmu na Ƙauran Namoda shi ma ya koma siriri. Abin da ya sami ƙaramin jirgin Bauchi a 1957 shi ne yake jiran sa, sai dai wannan karon ba hukuma ce za ta cire ƙarafunan a rubuce ba, ɓarayin dogo ne ke yankawa cikin dare su sayar wa 'yan gwangwan.

A wasu ƙasashe, idan layi ya kai wannan gaɓa, sai mutanen gari su karɓe shi. A yankin Wales na ƙasar Birtaniya akwai wani ɗan layi mai suna Talyllyn, tsawonsa bai wuce mil 7 da kwata ba, wanda aka gina don jigilar duwatsun rufin ɗaki. Da mai shi ya mutu, ciniki kuma ya riga ya mutu, sai wasu masu sha'awa suka kafa ƙungiya suka karɓi tafiyar da shi a 1951, suna aikin sa kai a ranakun hutunsu. Har gobe jirgin yana tafiya da gawayi da tururi. Indiya tana da na Darjeeling, mai faɗin ƙafa 2, wanda ke hawa tsaunukan Himalaya tun 1881, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Saliyo. Layinsu faɗinsa ɗaya da na Zariya zuwa Jos. Da suka rufe shi a tsakiyar shekarun 1970, sai wata ƙungiya daga Welshpool, can a Wales ɗin, ta zo ta sayi kan jirgi ɗaya da taragun fasinja ta tafi da su, ta gyara, ta ci gaba da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Ƙarfen da muke kira bola, wani ya biya kuɗin jirgin ruwa ya kai shi gida.

Idan an ce waɗannan masu hali ne, sai in ce a dubi Eritiriya. Bayan ta fito daga yaƙin shekara 30, ba ta da kuɗin da za ta kira kamfanin waje ya gyara mata layin da ya tashi daga Massawa a bakin teku ya hau zuwa Asmara. Sai gwamnati ta nemo tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka daɗe da barin aiki, wasu sun haura shekara 70, aka tattaro ƙarafunan da mayaƙa suka kwashe suka yi ramukan fakewa da su, aka mayar. Tsofaffin nan suka tayar da kawunan jirgin da Italiyawa suka bari, a 2003 jirgi ya sake isa Asmara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan misali ne ya sa nake ganin abin da ke gab da kuɓuce mana ba ƙarfen ba ne da farko, mutanen ne. Jirgin gawayi ba mota ba ne da za a murɗa makulli ya tashi. Sai an kwana ana hura masa wuta sannu a hankali, domin idan aka gaggauta, ƙarfen tukunyar zai buɗe ta wani gefe kafin wani, ya tsage. Mai zuba gawayi dole ya san inda zai watsa shebur ɗinsa don wuta ta ci daidai, idonsa kuma yana kan gilashin da ke nuna yawan ruwa, domin idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, tukunya na iya fashewa ta hallaka shi da direba. Direban kuwa da kunne yake tuƙi. Daga sautin numfashin jirgin yake gane ko ƙafa tana zamewa a kan dogo ya sakar mata yashi. Ruwan da ake ɗura masa ma sai an san irinsa, don ruwa mai gishiri-gishiri yakan bar ɓawo a cikin bututu. Ba a koyon wannan daga littafi kaɗai. Tun da injin dizal ya kori na gawayi, yau shekaru masu yawa ke nan, duk wanda ya taɓa riƙe shebur a loko yana matashi, yanzu dattijo ne tukuf. Suna nan a unguwannin reluwe na Zariya da Gusau da Kafanchan da Minna, suna jiran ɗan fansho, ba wanda ke tambayarsu komai. Kowane wata sai an yi jana'izar wani.

Kakana bai taɓa aikin reluwe ba, ɗan tireda ne mai jakuna, amma ya kai kaya tashar Gusau ba sau ɗaya ba. Yakan ce abin da ya fi ba shi mamaki ba gudun jirgin ba ne, sai yadda yake shan ruwa kamar dabba, a tsayar da shi ƙarƙashin wani dogon tanki a zura masa ƙaton bututu. Ya ce jakunansa sai an ɗaure su nesa, don idan jirgin ya yi tsaki ya fesa tururi, sai su tsinke igiya. Ni ban taɓa jin wannan tsakin da kunnena ba, 'ya'yana kuwa ko labarin bai dame su ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutumin Maradun da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, ko na Bakura da ke addu'a kafin ya hau hanyar Gusau, me ya haɗa shi da gyaran tsohon jirgi? Ga kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, wanda ya nuna cewa dogo ma bai tsira ba. Ba zan ce a ɗauki kuɗin asibiti ko na tsaro a sayi gawayi ba, kuma duk wanda ya ce yau zai kawo 'yan yawon buɗe ido tsakanin Gusau da Ƙaura, wasa yake yi. Amma matsalar tsaro, in Allah ya so, tana da ranar ƙarewa. Ƙarfen da aka narkar da dattijon da aka binne ba su da ranar dawowa. Abin da ake bukata yanzu ba mai tsada ba ne: rumfar kwano a kan kawunan jirgin da suka rage, da shinge, da mai gadi, da rajista mai ɗauke da lambar kowane ɗaya da inda yake, don kada a wayi gari an yi gwanjonsa da sunan tarkace.

Akwai wani sukan kuma da nake ji daga abokan aikina a jami'a, cewa reluwe makamin ɗan mulkin mallaka ne, ba abin tinƙaho ba. Haka ne. Da aikin tilas aka haƙa yawancin turbar. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, an kwashi dubban talakawan Arewa zuwa ramukan kuza a abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna, da yawa sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe su. Gawayin da jirgin ke ci daga Inugu yake zuwa, inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a 1949. Amma a ganina wannan hujja ce ta adanawa. Ɗalibin da ya tsaya gaban taragon da aka loda kakansa a ciki ya fi fahimtar mulkin mallaka fiye da wanda ya haddace babi uku don jarrabawa. Kuma daga cikin wannan reluwe ɗin ne Michael Imoudu ya fito, ya jagoranci yajin aikin gama gari na 1945 da ya girgiza Turawa.

A Legas an riga an gwada wani abu. Ƙungiyar Legacy, ta 'yan sa kai, ta gyara wani tsohon gidan ma'aikata a harabar reluwe ta Ebute Metta, wanda aka sanya wa sunan Francis Jaekel, marubucin tarihin reluwen Nijeriya, ta mai da shi ɗan gidan tarihi. A Arewa ba mu da makamancinsa, alhali Zariya ce mahaɗar da layin Kano da na Ƙauran Namoda da na Jos suka taɓa haɗuwa. Can ya kamata a fara, domin tana da tsohuwar tasha da fili, ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashen injiniya da na tarihi, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa, ga kuma tsofaffin ma'aikata a bayan katanga. Kan jirgi ɗaya ya isa a soma da shi. A kwance shi gaban ɗalibai, dattawa suna nuni, a auna kaurin tukunyar, a matsa mata ruwa a ga ko za ta riƙe. Idan ta riƙe, kilomita 2 ko 3 na dogo a cikin harabar tasha sun wadatar a riƙa ɗaukar 'yan makaranta ranar Asabar. Idan ba ta riƙe ba, sabuwar tukunya aiki ne mai tsada ƙwarai, sai a haƙura a share shi a shafa masa mai a ajiye a inuwa har Allah ya hore. A Birtaniya ma duk shekara 10 sai an kwance tukunya an sake duba ta gaba ɗaya, saboda haka duk mai shiga wannan harka ya san ba biki ne na yanka kyalle da ɗaukar hoto ba.

Mu na Zamfara, rabonmu a cikin aikin ya fi sauƙi, kuma ba ya jiran izinin Abuja. Jami'ar Tarayya da ke Gusau da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda da tamu ta Talata Mafara duk suna da ɗaliban da ke neman batun kundin kammala karatu. A tura su da wayoyinsu su ɗauki muryar tsofaffin direbobi da masu ba jirgi hannu da masu dako da matan da suka sayar da abinci a bakin tasha, su auna ginin tashar Ƙaura da tankin ruwa da ma'ajiyar kaya, su zana, su ɗauki hoto. A bana na ba ɗalibaina biyu wannan aiki, ɗaya ɗan Gusau, ɗaya 'yar Tsafe. Cikin dattawa biyar da aka ba su sunayensu, sun tarar biyu sun rasu kafin azumi.